Takalmin Farauta: Tsada Ko Kariya?



Kaka ta wuce, an haƙe citta a gonakin Kwoi da kewayen ƙasar Jaba, maharba kuma sun fara shirin shiga daji. A Kagoro ma, bikin Afan na ranar 1 ga Janairu shi ke buɗe lokacin farauta. Yanzu ne ake zancen takalman nan masu tsada da ake shigowa da su daga Turai da Amurka.

Ganin farko suna ɗaukar ido: fata mai kauri, ɗinki mai ƙarfi, ƙasa mai haƙora da ke kama dutse. Amma araha ba ta ado, tsada kuma ba ta isa shaida ba. Yawancinsu don ƙasashen sanyi aka ɗinka su, a zafin bazararmu sai su dafa ƙafa.

Malam maharbi, kafin ka biya, duba abu uku. Takalmin ya rufe idon sawu har ƙwauri? Domin nan kububuwa ta fi sara, kuma tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci. Yana hana ruwa shiga? Za ka iya wuni da shi kan duwatsu ba tare da ya yi maka kanta ba?

In aljihu bai kai ba, dogon takalmin roba ya fi silifa nesa ba kusa ba. Ka zazzage shi kullum saboda kunama. In kuwa maciji ya sare ka, kada a tsaga, kada a ɗaure, a garzaya asibiti.

Allah ya tsare mana maharbanmu.