Layi Biyu a Waya Ɗaya: Haƙƙin Mai Waya a Gabashin Sakkwato

   

Maganar da na zo da ita a yau guda ɗaya ce. Sauƙin da muke gani wajen mallakar waya da yin kira ba kyautar kowa ba ce. Abubuwa biyu suka haife shi: gasa tsakanin kamfanonin layi, da kuma buɗaɗɗiyar manhajar da ke tafiyar da yawancin manyan wayoyinmu. Mu mutanen Wurno, Rabah da Goronyo kuwa, kaɗan muke ci daga wannan amfani, don ba a sanar da mu haƙƙinmu ba.

Dattawan cikinmu sun san zamanin kamfanin tarho na NITEL, lokacin da layukan tarho na Najeriya kaf ba su kai rabin miliyan ba. A watan Janairun 2001 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula, MTN da Econet kowanne ya biya dala miliyan 285, suka fara aiki a watan Agusta. A lokacin, layi kaɗai yana kaiwa naira dubu ashirin, har ya wuce. Kiran minti ɗaya naira hamsin ne, kuma ko sallama kawai ka yi ka kashe, kuɗin cikakken minti za a cire. Haka aka tafi har Agustan 2003, da Glo ya shigo yana cajin mutane daidai da daƙiƙar da suka yi magana. Ba a jima ba sauran suka bi sahu. Ku lura da kyau: ba roƙo ne ya sa suka sauko ba, tsoron kada masu sayen kati su gudu ne. Daga baya Etisalat ya zo a 2008, Econet kuma ya yi ta sauya hannu da suna har ya zama Airtel a 2010.

Wannan ke nan ta ɓangaren layi. Ita kuma wayar kanta, akwai babbar manhaja a cikinta wadda ke haɗa allo da kyamara da lasifika, ta ba WhatsApp da sauransu wurin zama. Ta kamfanin Apple a rufe take, shi kaɗai ke sa ta a wayoyinsa. Ita Android, wadda Google ya saya a 2005 kuma wayarta ta farko ta fito a 2008, an bar tushenta a buɗe: duk kamfanin da ya ga dama yana iya ɗauka, ya gyara, ya ƙera waya da ita. Kamar irin shinkafa ne da aka bari a hannun manoma, kowa ya ɗiba ya shuka a fadamarsa, maimakon wanda dole sai ka koma wurin mutum ɗaya kowace shekara.

Wannan buɗewar ce ta ba kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a China, mai Tecno da Itel da Infinix, damar yin babbar waya daidai aljihun talaka. Sun kuma kula da halinmu: batir mai daɗewa don wuta ba ta zama, da gurbin layi biyu. Ina son mu tsaya a kan wannan gurbi na biyu, don ba ƙaramin abu ba ne. Lokacin da iPhone ta fito a Amurka a 2007, a ɗaure take da kamfanin layi guda, AT&T, ba ka da ikon sa mata wani. Mu nan, mai tallan albasa yana riƙe da kamfanoni biyu a waya ɗaya, ya kira da wannan, ya sayi data a wancan. Da hannunsa yake haɗa su gasa kullum, ko da bai san sunan abin da yake yi ba.

Sai dai buɗewar tana da iyaka, kuma tana da haɗari. Tushen Android a buɗe yake, amma Play Store da YouTube da Gmail na Google ne, shi ke gindaya sharuɗɗansu. A 2018 Tarayyar Turai ta ci tarar kamfanin sama da yuro biliyan huɗu saboda yadda yake ɗaure masu ƙera waya da manhajojinsa. Haɗarin da ya fi kusa da mu kuwa yana rumfar caji. Mutum ya ba da wayarsa a tura masa wa'azi ko fim, a haɗa masa da manhajojin da bai san asalinsu ba. Manhajar tocila ta nemi izinin ganin lambobin mutanenka da hotunanka, ka danna amincewa don rubutun da Turanci yake. Ta wannan ƙofa masu ba da bashi ta waya suka riƙa tozarta mutane, suna aika saƙon cin mutunci ga surukai da abokan wanda ya ci bashin, har hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta far musu a 2022. Abin nan yana yi mini ciwo, domin mutuncin magidanci ne ke zubewa a kan 'yan dubbai.

Yanzu bari mu dawo gida. A takarda, Najeriya tana da manyan kamfanonin layi huɗu. To, a ƙauyukan da ke bayan Madatsar Ruwa ta Goronyo fa? A rugagen da ke kan hanyar nan da ta tashi daga Marnona zuwa Isa fa? Kun fi ni sanin garuruwan da layi ɗaya ne kawai ke kamawa, shi ma sai an hau tudu ko an fita bayan gari. Inda kamfani ɗaya ne, babu gasa, kuma gurbin layi na biyu ya zama ado. Da NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi hamsin cikin ɗari a Janairun 2025, mutumin birnin Sakkwato yana iya kwatanta farashi ya koma inda ya fi sauƙi. Na ƙauye biya kawai zai yi.

Mun kuma ɗanɗani rashin sabis gaba ɗaya. A watan Satumban 2021 an katse layuka a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan, har da Rabah da Goronyo, da niyyar toshe wa 'yan bindiga hanyar magana. A cikin wannan hali aka kai harin kasuwar Goronyo a watan Oktoba, aka rasa rayuka da dama, Allah ya jiƙansu da rahama. Ba hukunci na zo yankewa kan matakin ba. Abin da ya bayyana shi ne sabis ya shiga sahun hanya da asibiti: da shi ake neman agaji, da shi manomin tafarnuwa a Wurno ke jin farashin Illela kafin ya ɗaure buhu, da shi mai POS ya riƙe kasuwa lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023.

Akwai haƙƙoƙin da muke da su tuntuni. Tun Afrilun 2013 kana iya barin kamfani ka koma wani ba tare da ka sauya lambarka ba, kuma kyauta ne. Idan kamfani ya ci maka kati ba dalili, ka kai masa kuka bai saurare ka ba, lambar 622 ta NCC ce, ba a cire ko kwabo. Mai son a daina damunsa da saƙonnin talla, 2442 ce lambarsa. Ina roƙon matasanmu masu caji da gyaran waya: ku ne malaman wannan fanni, kun fi kowace hukuma kusa da jama'a. Ku rubuta waɗannan lambobi a jikin rumfa, da boko da ajami. Ku nuna wa tsoho yadda ake hana manhaja shiga lambobinsa. Ku sa wa mutane madannin Hausa mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, tunda manhajar Gboard tana da shi.

Babban aikin kuwa na shugabanninmu ne, ranku ya daɗe. Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF musamman don kai sabis wuraren da kamfanoni ke ganin babu riba. Kafa ƙarfen sabis yana da tsada, ga man dizal, ga gadi, amma ƙarfe ɗaya yana iya ɗaukar kamfanoni biyu ko uku, kuma kamfanoni irin su IHS sana'arsu ke nan. Asusun ba zai san da ƙauyenka ba sai an kai masa sunansa. Don haka ina ba da shawara kowane hakimi ya sa dagatansa su rubuto garuruwan da ke ƙarƙashinsu: wane layi ke kamawa, wane ba ya kamawa, mutum nawa ke zaune a wurin, akwai kasuwa ko asibiti ko makaranta. A haɗa na ƙananan hukumomin Wurno, Rabah da Goronyo a takarda guda, shugabanninsu su sa hannu, a miƙa wa 'yan majalisarmu na tarayya su kai NCC da USPF, a kuma tsayar da ranar da za mu sake zama mu ji amsa.