Katin Awo a Lokacin Kulle



Maganarmu ta yau a kan mata masu juna biyu take, da yadda suka ƙare da awo a shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta sauka. An sami mai cutar na farko a Legas ranar 27 ga Fabrairu, a Kano kuwa sai cikin Afrilu. Nan da nan aka kulle gari, a-daidaita-sahu suka ɗauke daga kan titi. To, shi ciki bai san kulle ba.

Da yawa daga cikinmu, musamman maza, mun ɗauka awo latsa ciki ne kurum. A can ne ake gwada jini da fitsari, a gane hawan jini tun bai kai ga jijjiga ba. A can ake ba da maganin ƙarin jini, da ƙwayar rigakafin zazzaɓin cizon sauro wadda ake fara sha bayan wata uku. Tun 1 ga wata mace ke lissafin ranarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da zuwa awo sau takwas maimakon huɗu a 2016, alhali binciken 2018 ya nuna kashi 57 cikin ɗari na matan Nijeriya ne suka sami ko da huɗun. Watau tun kafin annoba abin ba ƙwari.

Mun ga mai ciki wata bakwai ta tako da ƙafa cikin zafin bazara, tana nuna kati a shingen 'yan sanda. Wata kuwa ta ƙi fita sam, don tsoron kada a ce zazzaɓinta korona ce a killace ta. Maigida mai neman na yau, kasuwa a rufe, ina zai ga kuɗin gwaji? Sai aka koma ga kyamis da ungozoma. Ba mu raina ungozoma ba, ita ta yanke wa yawancinmu cibi, amma ba ta da abin auna jini.

Da rigakafi ya iso a 2021, sai ga wata matsalar: ba a sa masu ciki a gwaje-gwajen farko ba, saboda haka mace ta tambaya, ma'aikaciya ta yi jim.

Ku da za ku riƙe ofisoshi gobe, roƙonmu ɗaya ne. In an sake rubuta dokar kulle, a sa a ciki cewa katin awo takardar wucewa ce, ga mace da wanda ya ɗauko ta.