KASUWAR MANHAJOJIN KOYON TURANCI: INA RABON WANDA YA RIGA YA YI NISA?

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Da farko ina godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ba ni damar tsayawa a wannan ɗaki, inda a da ba na shigowa sai cikin layi, da farar riga da sandal. Ni ba malamin Turanci ba ne, ba kuma masanin kwamfuta ba. Ma'aikacin gwamnati ne ni, aikina fayil da biro. Abin da ya kai ni ga bincike a kan wannan batu kuwa wata 'yar kunya ce da na sha a ofis, kuma da ita zan fara.

Ina cikin shekara ta uku da kama aiki aka ba ni wani fayil in yi bayani a kai zuwa ga darakta. Na zauna na cika shafi biyu, na zuba duk manyan kalmomin da na tara tun daga ƙungiyar muhawara ta wannan makaranta har zuwa jami'a. Washegari fayil ya dawo. Babu kuskuren nahawu ko ɗaya da aka ja wa layi, amma a ƙasa an rubuta da jan biro: to, me kake so in yi? Da na shiga wurinsa, sai ya ɗauki takarda ya mayar da shafi biyun nan layi biyar, kuma layi biyar ɗin sun fi nawa faɗin magana. A daren nan na sauke wata manhaja a wayata, wadda ba zan kama sunanta ba, na biya kuɗin shekara guda. Sai ga ta tana nuna mini hoton yaro da tuffa, wai in haɗa jimla. Cikin 'yan makonni na ƙare darussanta, na tara lambobin yabo, amma rubutuna na ofis yana nan yadda yake. Daga nan na fara tambayar kaina: me ya sa kasuwar da ta cika da kayan koyon Turanci ba ta da abin da zai dace da irina?

WANE NE WANDA YA YI NISA?

A shekarar 2001 Majalisar Turai ta fitar da wani ma'auni da ya kasa iya harshe zuwa matakai shida: A1, A2, B1, B2, C1 da C2. Na farko shi ne mai gaisuwa da tambayar farashi, na ƙarshe kuwa shi ne wanda kusan babu abin da zai ji ko ya karanta ya gagare shi. Da wannan ma'auni ne yawancin kamfanoni ke tsara darussansu. A ganina, da yawa daga cikinmu da muka ci kiredit muka wuce jami'a muna tsakanin B2 da C1 ne. Muna karanta jarida, muna jin labarai, muna rubuta wasiƙa. Amma a sa mu taƙaita rahoto mai shafi talatin, ko mu ƙi amincewa da ra'ayin na gaba da mu a rubuce ba tare da rashin ladabi ba, ko mu tsaya gaban kwamitin ganawa mu kare kanmu, nan ne ƙafa ke rawa. Mun haye kogi, amma ba mu shiga gari ba.

YADDA KASUWAR TAKE

Kasuwar manhajojin koyon harshe ba ƙarama ba ce. Rosetta Stone ta fara a Amurka a 1992, ana sayar da ita a faifan kwamfuta. Babbel ta fito daga birnin Balin na Jamus. Duolingo, wadda Luis von Ahn ɗan ƙasar Gwatamala da abokinsa Severin Hacker suka kafa a 2011, ta shiga kasuwar hannun jari a 2021, kuma a 2024 masu amfani da ita a kowane wata sun haura miliyan 100, ko da yake masu biyan kuɗi ba su kai ɗaya cikin goma ba. Turanci ne harshen da aka fi koyo a cikinta. To, amma mafi yawan wannan ciniki a kan 'yan farko yake, kuma akwai dalilai huɗu da na gano.

Na ɗaya, 'yan farko sun fi yawa, kuma buƙatarsu iri ɗaya ce. Darasin gaisuwa da ƙidaya guda ɗaya za a sayar wa ɗan Birazil da ɗan Sin da ɗan Masar. Waɗanda suka yi nisa kuwa kowa da inda ya dosa. Turancin lauya daban, na ma'aikaciyar jinya daban, na akanta daban. Ɗan kasuwa ya fi son kayan da zai ɗinka sau ɗaya ya sayar wa dubbai.

Na biyu, ɗan farko yana ganin ci gabansa da ido. Masana sun nuna cewa kalmomi 2,000 da aka fi amfani da su sun ɗauke kusan kashi 80 cikin 100 na abin da ake rubutawa. Amma wani masani na ƙasar New Zealand, Paul Nation, ya nuna a 2006 cewa kafin mutum ya karanta jarida ko littafi ba tare da taimako ba, watau ya san kashi 98 na kalmomin da ke ciki, sai ya mallaki tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Ku dubi wannan lissafi. Dubu biyu na farko sun ba ka kashi tamanin, sauran dubu shida ko bakwai kuwa kashi goma sha takwas kawai za su ƙara maka. Wanda ya yi wata uku bai ga canji ba, daina biya zai yi, kuma kamfani ya san haka.

Na uku, na'ura ta fi gane tambayar da ke da amsa guda. Cike gurbi da zaɓen amsa abu ne mai sauƙin makawa. Amma rubutun da na kai wa darakta babu kuskure a cikinsa, kuma duk da haka bai yi ba. Gyaran irin wannan sai mutum mai ido, mutum kuwa tsada gare shi.

Na huɗu laifinmu ne. Wanda ya rataya digiri ba ya son a kira shi ɗalibin Turanci. Kunya ta hana shi tambaya, wanda ba ya tambaya kuwa ba a kasa masa kaya. A nan gida akwai ƙarin wahala, domin farashin da dala ake yanka shi, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 abin da Bature ke ɗauka kuɗin shayi ya zama wani yanki na albashin ƙaramin ma'aikaci.

INDA AKE SAYAR MANA DA KAYA

Ba wai an manta da mu ɗungurungum ba. An dai same mu ne a wuraren da dole ta kama mu. Wuri na farko shi ne jarrabawa. TOEFL ta fara a 1964, IELTS a 1989, Duolingo ma ta fito da tata. Duk mai neman karatu ko aiki a waje zai iya cin karo da ɗayansu, kuma sakamakon yakan yi aiki na shekara biyu ne kawai. Saboda haka manhajojin share fagen jarrabawa suka yi yawa. Suna da amfani, amma dabarun cin jarrabawa suke koyarwa, kuma wanda ya sami maki bakwai cikin tara ba lalle ne ya iya rubuta takardar majalisa ba.

Wuri na biyu shi ne gyaran rubutu, kamar Grammarly, wadda wasu 'yan Yukiren suka kafa a 2009. Na uku gyaran furuci, kamar ELSA Speak, wadda wata 'yar Biyetnam, Vu Van, ta kafa. Na huɗu shi ne dandalin da ke haɗa mutum da malami ta bidiyo, a biya shi kuɗin awa, irin su italki da Preply. Sa'an nan akwai Anki, wadda ke dawo maka da kalma daidai lokacin da kake shirin mance ta, kuma kyauta ce a kwamfuta da wayoyin Android.

A ƙarshen 2022 ChatGPT ta fito, wasu irinta suka biyo baya, kuma wannan ƙirƙirarriyar basira ta taɓa dalili na uku da na ambata. Yau na'ura tana iya karanta shafi biyu ta ce maka ka yi tsawo, ta nuna inda ka ɓoye buƙatarka, ta kuma yi hira da kai. Wannan ci gaba ne babba ga wanda ya yi nisa. Amma akwai rami a gabansa. Iyayenmu sun san masu rubuta wasiƙa da ke zama a bakin gidan waya ko ƙofar kotu. Mutum zai shekara ashirin yana kai musu ana rubuta masa, wasiƙunsa suna isa, shi kuwa bai koyi harafi ɗaya ba. Wanda ya ce wa na'ura ta rubuta masa, ya ɗauki mai rubutun wasiƙa ne, bai ɗauki malami ba. Ran da aka kira shi jarrabawar ƙarin girma, ko aka ce ya tashi ya yi bayani a gaban taro, mai rubutun ba ya nan.

SHAWARA GA MAI SAYE

Ga abin da na koya da kuɗina. Na farko, ka san ciwonka kafin ka je kemis. Rubutu ne, ko furuci, ko ƙarancin kalmomi? Ka kai wa wanda ya fi ka shafi guda ya gaya maka gaskiya. Na biyu, kada ka biya kuɗin shekara sai ka gwada na wata, ka kuma buɗe darasi na can ƙarshe ka gani. In ka iya shi, ba kai aka yi wa kayan ba. Na uku, ka fara rubutawa da kanka, sa'an nan ka nemi na'ura ta nuna maka kuskure da dalilinsa, ka sake rubutawa da hannunka. Ka kuma riƙa tantance abin da ta faɗa, domin takan yi kuskure cikin gadara. Na huɗu, musamman ga 'yan uwana ma'aikata: kada ka zuba takardun sirri na gwamnati a cikin wata manhaja. Mun yi rantsuwar riƙe sirri, kuma Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ba ta ware waya ba.

Na biyar, da tsohuwar zuma ake magani. Ƙamus ɗin nan na Oxford da malamanmu suka tilasta mana saye, wanda A. S. Hornby ya tsara bayan ya daɗe yana koyar da Turanci a Japan, kuma aka buga shi a Ingila a 1948, domin irinmu aka yi shi. Ba ma'ana kaɗai yake bayarwa ba, yana nuna wace kalma ke tafiya da wace, kuma a nan ne yawancinmu ke tuntuɓe. Yana nan a intanet. Haka kuma jerin tushen kalmomin ilimi 570 da Averil Coxhead ta fitar a 2000, wanda duk mai shirin shiga jami'a ya kamata ya sani.

KIRA GA ƘUNGIYA

Mai girma Shugaba, inda babban ɗan kasuwa ya bar gurbi, nan ƙaramin ke kafa rumfa. A cikinmu akwai malaman Turanci, akwai kuma matasan da suka karanta kimiyyar kwamfuta. Mu ne muka san cewa Bahaushe yakan haɗa harafin p da f, yakan cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu, yakan kuma ɗauko doguwar gaisuwarmu ya sa a takardar da ake son a tafi kai tsaye. Manhajar da za ta gyara waɗannan, ta yi bayani da Hausa, ta karɓi naira, ta yi aiki da data kaɗan, tana da masu saye daga Sakkwato har Yola. Ba kuma lalle sai mun koma Turawa ba. A 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Nijeriya, har da Kannywood. Abin nema shi ne a fahimce mu sarai, ba a ɗauke mu 'yan Landan ba.

Kafin wannan ya samu, ina ba da shawara biyu da ba sa buƙatar kuɗi mai yawa. A farfaɗo da ƙungiyar muhawara ta makaranta, mu riƙa zuwa alƙalanci bi da bi. Sa'an nan kowane tsohon ɗalibi da ke da hali ya ɗauki ɗaliban ajin ƙarshe guda biyu, ya duba musu insha'i ɗaya a wata, ya zauna da su ya nuna musu dalilin kowane gyara. Ni na sa sunana a farkon takarda, tana wurin Sakatare.

Ku kuma ƙannena ɗalibai, kiredit ba shi ne ƙarshen tafiya ba. In kana da kyau ka ƙara da wanka. Kada ku jira sai jan biro ya same ku a ofis kamar yadda ya same ni, domin ba a fafe gora ranar tafiya.