Jawabin Buɗe Ɗakin Renon Saiwar Tsirran Magani

Mai girma Kwamishina, Mai girma Hakimi, ranka ya daɗe, dagatai da masu unguwanni, malamanmu, iyayenmu mata, manoman Dambatta da Makoda da Kunchi, ɗalibai, assalamu alaikum.

Mun gode wa Allah. An gyara azuzuwa, an haƙa rijiyar burtsatse, an horar da ma'aikata, yau kuma ga wannan ɗaki.

Dabarar da muka ɗauko ta samo asali ne a ƙasashen waje. Ana shafa wa tsiro ƙwayar bakteriya mai suna Agrobacterium, sai ya fitar da saiwa mai gashi-gashi, a yanke ta a rene ta cikin kwalba babu ƙasa. Daga nan a ɗiga mata wani sinadari da zai sa ta zaci an kawo mata hari, sai ta ƙara yawan maganin da take kare kanta da shi. Da saiwar wiwi ma ana wannan bincike a can. Ku samarin baya, ku daina murmushi. Dokar Najeriya ta hana wiwi, kuma ko ƙwayarsa ɗaya ba za ta shigo nan ba.

Namu tsirran muke nufi: sabara, marke, ƙirya, tafasa. Ƙasarmu gona ce kan gona, daji ya ƙare, mai magani kuwa idan ya tone saiwa ya kashe bishiya. Kar a raina abin gida. Maganin sikila na Niprisan da cibiyar NIPRD ta Abuja ta haɗa, akwai karan dafi da kanumfari da masoro a cikinsa.

Amma, Mai girma Kwamishina, matsalarmu wutar lantarki ce. Saiwar nan tana son sanyin kusan digiri 25, da injin da ke girgiza kwalabe dare da rana, ga shi zafinmu na Afrilu yana haura 40. Idan wuta ta ɗauke kwana biyu, aikin wata shida ya tafi. Kuɗin man janareto ba ma da shi. Sola muke roƙo, da batura, da kuɗin kula da su cikin kasafin baɗi, a kuma sake su a kan lokaci. Takardar roƙon tana hannun sakatarenka tun da safe, don Allah a duba ta kafin bazara.

Ranka ya daɗe, bismillah, a yanke ƙyalle.