Fumfuna Mai Kashe Farin Ƙuda a Rumfar Tumatir

Yau shirin na masu noman tumatir ne a cikin rumfar leda ko ta raga.

Ka girgiza ganyen tumatir ka ga wasu 'yan ƙwari farare sun tashi kamar toka? To, farin ƙuda ke nan. A bayan ganye yake maƙalewa yana tsotse ruwan shuka, ya bar danƙo mai zaƙi wanda ke baƙanta ganyen. Babbar ɓarnarsa ita ce cutar nannaɗe ganye da yake yaɗawa. Ga shi kuma ya saba da yawancin magungunan feshi, sai ka yi ta kashe kuɗi a banza.

Akwai wata hanyar. Kun san fumfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu? Tana da dangi masu cin ƙwari. Fitacciyarsu ita ce Beauveria bassiana, wadda ta ci sunan Agostino Bassi, mutumin Italiya da ya gano a 1835 cewa ita ke kashe tsutsar siliki. Wata 'yar'uwarta, Metarhizium, an yi amfani da ita kan fara a Nijar. Idan ƙwayar irin wannan fumfuna ta sauka a jikin ƙwaro sai ta tsiro, ta huda fatarsa, ta cinye shi daga ciki.

Malam manomi, abin lura shi ne maganin feshin da ake yi da wannan fumfuna rai gare shi. Zafin rana na kashe shi, busasshiyar iskar hunturu na hana shi tsiro. Saboda haka sai bayan la'asar sakaliya za ka yi feshi, bayan ka yi ban ruwa rumfar ta ɗauki laima. Karkata bakin famfon ya jiƙa bayan ganye, inda 'ya'yan ƙudan suke. Kada ka haɗa shi da maganin kashe fumfuna, kuma ka wanke famfon tas kafin ka zuba. Ajiya kuwa sai wuri mai sanyi.

Kuma a yi haƙuri. Ba za ka ga gawa nan take ba, yakan ɗauki kwana 3 zuwa 7, sannan ana maimaitawa. Wanda ya jira sai ƙuda ya cika rumfa ya makara. Rataya tarko mai launin ɗorawa don ka gane shigowarsa da wuri.

Rufe hanci da baki lokacin feshi, ka wanke hannu da sabulu. Kafin ka saya, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka kuma tuntuɓi malamin gona na yankinku.