Jarrabawar jami'a: hadda ko iya aiki?



A shekarar 2007 ƙungiyar UEMOA ta umurci ƙasashenta su rungumi tsarin LMD, wato lisansi, masta da dokta. Nijar ta bi sahu a 2010, shekarar da aka kafa jami'ar Maraɗi. An raba shekarar karatu gida biyu, aka ce daga yanzu ƙwarewar ɗalibi za a riƙa aunawa.

Sai dai suna ya sake, jarrabawa tana nan yadda take: malami ya yi shifta, ɗalibi ya haddace da Faransanci, ya maido masa bisa takarda. Ɗan Mayahi mai karatun aikin gona yana iya cin jarrabawa alhali bai san abin da ke kashe goribar Gulbin Kaba ba.

Auna ƙwarewa yana buƙatar ɗakin gwaji, gonar koyo, kuɗin fita karkara da isassun malamai, domin malami guda ba ya iya duba aikin hannun ɗaruruwan ɗalibai. Muddin hukuma ba ta zuba wannan kuɗi ba, manomin da ya saida hatsinsa ya tura ɗansa Maraɗi zai ga takardar shaida, gonarsa kuwa ta kwana yadda take.