Mutumin Karkara da Ƙaramar Hukumarsa



Jawabinmu na yau ya shafi mutumin karkara ne, wanda da damina yana gona, da rani kuwa yana fadama ko kasuwa. Hukumar da ta fi kusa da shi ita ce Ƙaramar Hukuma. A shekarar 1976 aka yi gyaran da ya kawo ƙarshen En'e, aka kafa ƙananan hukumomi 301 bisa tsari guda a ƙasa duka. Yau guda 774 ne.

Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora musu kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Haka kuma suna da hannu cikin makarantun firamare da ɗakunan shan magani. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyansu kasonsu kai tsaye daga asusun Tarayya. Saboda haka hakkinka ne ka tambayi kansilan mazaɓarka inda kuɗin suka shiga.

To, amma babban al'amari ga mazaunin karkara shi ne gona. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba Ƙaramar Hukuma ikon bayar da takardar izinin riƙe fili a karkara. Ba ta ba mutum guda abin da ya wuce hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo, sai da yardar Gwamna. Mai irin wannan takarda ba ya sayar da filin ko jinginar da shi sai hukumar ta amince. Idan kuwa aka karɓi fili don aikin jama'a, kamar hanya ko makaranta, ana biyan diyyar amfanin gona da itatuwa da gine-ginen da ke kansa.

Gonar gādo da ba ta da shaida sai bakin dattawa tana cikin haɗari, domin dattawa ba su dawwama. Lalle ne kowane magidanci ya tara maƙwabtan gonarsa gaban mai unguwa da dagaci, a tabbatar da iyaka, a bar burtali inda yake, sa'an nan ya je sakatariya ya nemi takarda. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.